Yadda Ake Maimaita Lasin JAMB Ba Tare Da Kuɗinka Sun Maƙale A Santa Ba

Shekarar da ƙanwata ta ci 187 a JAMB, ni ne na ɗauki rasit na koma santar (cibiyar shirya ɗalibai don jarrabawa) da ta yi lasin wata huɗu. A bakin ƙofarsu akwai wani ƙaton allo da aka rubuta cewa duk ɗalibin da bai kai maki 250 ba za a mayar masa da kuɗinsa, kuma gaskiya wannan allon ne ya ja mu tun farko. Mai santar ya karɓe ni da fara'a, har da sa yaro ya kawo mini ruwan leda. Sai ya jawo wani dogon littafi, ya lashi yatsa, ya fara buɗe shafuka. "Yallaɓai, duba nan. Kwana tara ba ta zo ba. Gwaji biyu ba ta rubuta ba. Ai alkawarin da sharaɗinsa." Na ce wane sharaɗi, yaushe aka gaya mana? Ya juya bayan fom ɗin da ni da kaina na sa wa hannu, ga shi nan da ƙananan baƙaƙe. Kwana taran nan zazzaɓi ne ya kwantar da ita, amma ban da takardar asibiti ko ɗaya a hannuna. Na fito ba ko sisi, sai tayin ragin kashi goma in za ta sake zama.

Abin da na koya a ranar shi ne maganar mayar da kuɗi ba ranar fitowar sakamako ake yin ta ba, ranar biya ake gama ta. Wanda zai maimaita kuwa yana da wata dama da sabon shiga ba shi da ita, domin ya riga ya san inda yake da rauni, ya san malaman, kuma santa na son ya dawo. Ga yadda ake amfani da wannan damar.

Mataki na ɗaya: ka tabbatar maimaicin ya zama dole

Kafin a yi zancen ko kwabo, a zauna da sakamakon. Jarrabawar UTME, wato wadda muke kira JAMB, darasi huɗu ce, kowanne maki 100, jimla 400. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda ya zama tilas ga kowa, sai 40-40 na sauran ukun. Idan aka tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 da layin da aka yi rajista da shi, saƙon da zai dawo yana nuna makin kowane darasi daban. Mutane da yawa jimlar kawai suke kallo su yi salati su ajiye waya. Ka rubuta huɗun a takarda. Ɗalibin da ya ci 62, 58, 55 sannan ya ci 24 a Fizis, ba lasin darasi huɗu yake bukata ba, malamin Fizis yake bukata. Wanda kuma duk huɗun suka tsaya a arba'in da wani abu, matsalarsa ta fi zurfi, wataƙila ma saurin karanta tambaya da Turanci ne ko rashin sabo da kwamfuta, tunda tun 2015 gaba ɗaya jarrabawar a kwamfuta ake yin ta.

Sannan ka auna makin da abin da ake nema. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a 150 ne, kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi kuma 100. Wannan ƙasan tukunya ne kawai, kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kuma fannoni irin su likitanci da lauya da harhaɗa magunguna sun yi wa wannan adadi nisa ƙwarai. Amma ma'anarsa ita ce makin da bai isa wani fanni ba yana iya isa wani. JAMB na ba da damar canza makaranta ko fannin karatu bayan fitowar sakamako, kuma kuɗin canjin bai kai ko kusa da kuɗin lasin wata ɗaya ba. Akwai kuma hanyar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, da JUPEB, karatun share fage ne da ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a ta hanyar shiga kai tsaye. Sun fi lasin tsada, amma ba ƙona shekara ake yi ba.

Ka kuma duba takardar sakandare. Na sha ganin yaro yana maimaita JAMB shekara biyu alhali abin da ya hana shi gurbi rashin kiredit ne a Lissafi ko Turanci. Wannan gyaransa a WAEC ko NECO ta masu zaman kansu yake. Sakamakon WAEC da NECO ba ya lalacewa, na JAMB kuwa na shekarar da aka rubuta ne kaɗai. In ka ci 280 bana ba ka samu gurbi ba saboda takardar sakandare, baɗi daga sifili za ka fara.

Kada kuma a ɗora wa yaro laifi fiye da kima. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. A shekarar ce ma shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Wannan labarin yana da amfani a nan ta wata fuska: kada ka yi gaggawar biyan kuɗin sabon lasin a makon da sakamako ya fito, ka bari ƙura ta lafa.

Mataki na biyu: ka raba kuɗin gida uku

Yawancin rigimar da ake yi da masu santa daga cakuɗa kuɗi take tasowa. An ba da dunƙule ɗaya, an ce "na komai da komai", ranar neman haƙƙi kuma ba wanda ya san nawa ne na me.

Gida na farko kuɗin hukuma ne. A 2025 rajistar UTME naira 7,200 ce ga wanda ba ya son jarrabawar gwaji, 8,700 ga mai so. A cikin 7,200 ɗin akwai 3,500 na fom, 1,000 na littafin karatu da ake yin tambaya a kansa, 700 na cibiyar da ta yi rajista, 1,500 na cibiyar da za a rubuta jarrabawa, da 500 na banki. Hukumar kan sanar da farashin kowace shekara kafin buɗe rajista, don haka ka nemi na shekararka. Wannan kuɗin in ya tafi ya tafi. Ba a mayarwa, ba a ɗaga shi zuwa baɗi, ba a ba wa ƙani. Shawarata ita ce kada ka bar santar lasin ta haɗa shi cikin kuɗinta. Rajista a cibiyoyin da JAMB ta amince da su kaɗai ake yi, ɗalibi da kansa, da yatsunsa. Santar lasin da ba ta cikin waɗannan cibiyoyi, in ta ce ka kawo ta yi maka, dillanci za ta yi ta ɗora nata a kai.

Gida na biyu kuɗin santa ne, shi ma kashi-kashi ne: kuɗin fom ko rajista, kuɗin koyarwa, kuɗin takardun darasi, kuɗin zama a ɗakin kwamfuta, kuɗin gwajin mako ko na wata, wasu har da katin shaida da riga. Ka sa a rubuta maka kowanne da farashinsa a layinsa.

Gida na uku shi ne wanda ba ya fitowa a rasit, kuma sau da yawa shi ne ke karya mutum. Mu ɗauki misali kawai: in kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa naira 600 ne a rana, kwana biyar a mako, mako goma sha shida, ka kashe 48,000 a hanya. Ga abincin rana, ga data. Santa mai araha da ke ƙetaren gari tana iya fin ta unguwarku tsada in an yi jimla. Wannan kuɗin kuma babu wata yarjejeniya da za ta dawo maka da shi.

Mataki na uku: ka nemi farashin mai maimaici, kada ka karɓi na sabon shiga

Tambayar farko ita ce a koma tsohuwar santa ko a canza. Ka tambayi ɗalibin, shi ya zauna a ajin. Malamin darasin da ya faɗi yana zuwa kuwa? An gama manhajar kafin jarrabawa ko a rabi aka tsaya? Sau nawa ya taɓa kwamfuta da hannunsa, ba kallon wani yana yi ba? Mutum nawa ne a aji? Ƙanwata ta ce mini, "Yaya, wallahi malamin Kemistiri sau uku aka canza mana." Da na ji haka na san ko kyauta aka ba mu ba za ta koma can ba. Ragi a kan abin da bai yi aiki ba asara ce mai rahusa kawai.

Idan kuwa santar ta yi ƙoƙari, yaron ne bai dage ba ko rashin lafiya ta gifta, to komawa ta fi, kuma kana da bakin ciniki. Ka je da tsohon rasit da sakamakon. Abubuwan da za ka nema, ɗaya bayan ɗaya:

A cire kuɗin fom da katin shaida, tunda sunansa na cikin littafinsu. A cire kuɗin takardun darasi in ba a sauya su ba, yana da na bara a gida. Abin da za ka bincika kawai shi ne littafin karatun Turanci, domin JAMB kan canza shi lokaci zuwa lokaci, kuma ko ba a canza ba kuɗinsa na cikin rajistar hukuma, bai kamata santa ta sake sayar maka ba. Sannan babbar bukata: a ba ka farashin darasi ɗaya ko biyu maimakon huɗu. A nan za su ja, za a ce maka "tsarinmu a haɗe yake". Kada ka yi musu, ka ce to za ka ɗauki malami a gida don darasin nan ɗaya. Sau da yawa a nan ne farashin da ba ya kan allo yake fitowa.

Ka nemi kuma a rage tsawon lokacin. Mai maimaici ba lallai ya fara tun Satumba tare da sababbi yana sake jin gabatarwa ba. Jarrabawar kan faɗo ne wajen Afrilu zuwa Mayu, rajista kuma a farkon shekara. Wata uku na ƙarshe, lokacin da ake bitar tsofaffin tambayoyi da gwaji a kwamfuta, na iya wadatar da wanda rauninsa kaɗan ne.

Wani abu da ba a cika tunawa ba: a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, daidai tsakiyar lasin. Awannin karatu na raguwa, ga hutun Sallah. Ka tambaya tun yanzu ko za a rama kwanakin ko kuɗin watan zai ragu.

Mataki na huɗu: ka kwance ƙullin da ke cikin kalmar "garanti"

A nan zan daɗe, don a nan aka kama ni.

Babu malamin da zai iya lamunce maka maki. Abin da zai iya lamuncewa shi ne zuwansa aji da gama manhaja. Don haka duk alkawarin maki dabarar kasuwa ce, ba kuma lallai ta zama yaudara ba. Manyan kamfanonin shirya ɗalibai a Amurka, irin su Kaplan, sun daɗe suna irin wannan alkawari: in makinka bai ƙaru ba, ka maimaita kyauta ko a mayar maka da kuɗi, amma bisa sharuɗɗan da aka rubuta a fili. Bambancin shi ne a can kana iya karanta sharuɗɗan kafin ka biya. A nan sai ka tono su da kanka.

Tambayar farko: in bai kai makin ba, me za a ba ni? Amsa uku ce, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai tsabar kuɗi a hannu, wannan shi ne mafi wuyar samu. Akwai maimaita lasin kyauta. Akwai kuma ragi a zango mai zuwa. Allo zai ce "mayar da kuɗi", fom ya ce "maimaici". Abin da ke fom shi ne zai yi aiki.

In maimaici kyauta ne, ka tambayi iyakar kyautar. Koyarwa ce kawai, ko har da ɗakin kwamfuta da gwaje-gwaje? Wasu za su yafe maka kuɗin koyarwa su dawo da rabinsa ta ƙofar baya da sunan sabunta rajista da takardu. Sau nawa ake maimaitawa, sau ɗaya ko har sai an ci? Dole ne a zango mai bi, ko ana iya tsallake shekara? In ɗalibin ya samu gurbi a wani wuri bai bukaci maimaicin ba, ana iya ba wa ƙaninsa kujerar? Wannan ta ƙarshen mutane ba sa tambaya, alhali masu santa kan yarda da ita cikin sauƙi, don ba kuɗi ne zai fita daga aljihunsu ba.

In tsabar kuɗi ne, nawa daga ciki? Duka, ko kuɗin koyarwa kawai, ko wani kaso? Cikin kwana nawa bayan an kawo sakamako?

Sai sharuɗɗan da ke kan ɗalibi. Kusan ko'ina za ka tarar da na halartar aji, da na rubuta duk gwaje-gwaje, da na kammala biyan kuɗi kafin wata rana, da na kawo sakamako cikin ƙayyadadden lokaci. Ba laifi ba ne santa ta gindaya su, wanda bai zo aji ba ba shi da bakin cewa ba a koya masa ba. Abin da za ka nema shi ne adalci wajen ƙirga. Wa ke riƙe da littafin kiran suna, kuma ɗalibi na sa hannu da kansa? Ranar da malami ne bai zo ba, ko janareta ya ƙi tashi aka fasa gwaji, a kan wa ake rubuta ta? Rashin lafiya da rasuwa suna cikin uzuri? In suna ciki, wace shaida ake so? Da na san haka, da katin asibitin ƙanwata na naira kaɗan ya dawo mana da dubbai.

Ga mai maimaici akwai ƙarin tambaya ɗaya: garantin ya shafe shi a karo na biyu? Wasu santoci alkawarinsu na zaman farko ne kawai. In kuma alkawarin "ƙarin maki" ne ba wani adadi ba, to a rubuta makin bara a fom, a san daga inda ake aunawa.

Akwai wani irin garanti kuma da ba a rubutawa, wanda ake rage murya a gaya maka cewa "muna da hanya". Ka tashi ka bar wurin. Babu mai iya ƙara maka maki bayan an rubuta jarrabawa, masu cewa suna yi 'yan damfara ne, kuma JAMB na riƙe ko soke sakamakon wanda aka kama da maguɗi. Kuɗin da ka bayar a wannan hanyar ba ka da inda za ka kai ƙararsa, don ba za ka iya faɗin abin da ka saya ba.

Mataki na biyar: a rubuta

Mu Hausawa kunya na cutar mu a nan. Mai santa ɗan unguwa ne, ko abokin yayanka, ko tare kuke sallah, sai ka ga kamar neman takarda zargi ne. Ba zargi ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, kusa da ƙarshen Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ka ce masa cikin ladabi, "Malam, don Allah a ɗan rubuta mana, saboda mantuwa da kuma halin rai." Ba wanda zai ji haushin wannan sai wanda da ma bai yi niyyar cikawa ba.

Ba sai an kira lauya ba. Rabin shafi ya isa, a kan takardar santa mai ɗauke da sunanta, ko a bayan rasit da hatimi. A sa sunan ɗalibi, darussan da zai ɗauka, ranar farawa da ta gamawa, kwana nawa a mako, jimlar kuɗi da yadda aka kasa su, abin da ake mayarwa in an fasa kafin farawa, abin da ake mayarwa in an fasa a tsakiya, abin da zai faru in santar ce ta gaza, da sharuɗɗan garanti in akwai. Mai santa ko akawunsa ya sa hannu da suna da kwanan wata. Ka ɗauki hoton takardar a wayarka nan take, ka kuma ɗauki hoton allon tallan da ke waje, don allo kan sauka bayan fitowar sakamako.

In sun ƙi rubutawa amma kana son santar, ka koma gida ka tura musu saƙon WhatsApp: "Kamar yadda muka yi magana yau, zan biya kaza, in an fasa kafin rana kaza za a mayar da kaza. Haka ne?" Amsar "E, haka ne" shaida ce.

Mataki na shida: ka biya yadda za ka iya ja da baya

Biyan wata-wata ya fi biyan dunƙule, ko da dunƙulen ya ɗan fi araha. Kuɗin da bai bar aljihunka ba ba ya bukatar a mayar maka da shi. In dole sai an ba da kafin alƙalami don riƙe kujera, ka ba da kaɗan, ka kuma sa a rubuta cewa yana cikin kuɗin koyarwa. Ka nemi mako ɗaya na gwaji kafin cikon kuɗin.

Ka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan santar, ka rubuta sunan ɗalibi da watan da aka biya a wurin bayani. In asusun wani mutum aka ba ka, ko aka ce ka je wurin mai POS na bakin ƙofa, to rasit mai hatimi ya zama dole a ranar, ba "gobe in akawu ya zo" ba.

Mataki na bakwai: in an fasa a tsakiya, ka zo da lissafinka

Dalilan fasawa suna da yawa. Mafi daɗinsu shi ne sunan yaro ya fito a jerin ƙarshe na waɗanda aka ba gurbi, domin makarantu kan ci gaba da ɗauka ta CAPS, manhajar JAMB ta ba da gurbi, har watanni bayan jarrabawa, lokacin da tuni wasu sun fara sabon lasin. Don haka mai maimaici ya ci gaba da leƙa shafinsa, kuma a sa wannan dalilin a cikin yarjejeniya da sunansa.

Ranar da aka yanke shawarar dainawa, a ranar za ka sanar da su a rubuce. Kada yaro ya ɗauke ƙafa kawai ka zo bayan wata guda, za su ƙirga maka watan, kuma suna da gaskiya.

Ga yadda ake lissafin, da adadi na misali. Mu ce kuɗin koyarwa 60,000 ne na mako 16. Kowane mako ya kama 3,750. An yi mako biyar, an ci 18,750, saura 41,250. In yarjejeniya ta ce santa na riƙe kashi goma na jimla saboda ɗawainiya, a cire 6,000, haƙƙinka 35,250. Kuɗin fom da na takardun da aka riga aka ba ka kada ma ka sa su a ciki, ka bar musu. Wanda ya zo yana neman abin da ya dace da takarda a hannu ya fi saurin samun biya a kan wanda ya zo yana cewa a ba shi kuɗinsa duka.

In sun ce ba kuɗi a ƙasa, sun biya haya da malamai, yana iya zama gaskiya, ƙananan santoci da abin da ya shigo suke juyawa. Ka karɓi biya kashi biyu da ranaku a rubuce, ko a mayar da ragowar kujera ga wani ɗan gidanku.

Mataki na takwas: in sun ƙi

Rubutun nan da ake mannawa a bango cewa kuɗin da aka biya ba a mayarwa, ba shi ne ƙarshen magana ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar soke abin da ya biya tun kafin a yi masa, sai dai a cire wani abu daidai gwargwado saboda sokewar. Wannan na sashe na 120. Sashe na 130 kuma ya ce in an karɓi kuɗinka ba a yi maka aikin a kan lokaci da ingancin da ya kamata ba, kana iya neman a gyara ko a mayar maka da wani kaso da ya dace. Ka lura da kyau: dokar na kare ka in santar ce ba ta yi aikinta ba, misali an karɓi kuɗin ɗakin kwamfuta ba a taɓa buɗe shi ba, ko wata guda ba malamin Lissafi. Ba ta ce a biya ka don yaro bai ci ba, sai in akwai alkawarin hakan da za ka iya nunawa.

Ka fara da wasiƙa gajera zuwa ga mai santar: abin da aka biya, abin da aka yi alkawari, abin da ya faru, adadin da kake nema, da wa'adin mako biyu. Ba zagi, ba barazana. Ka riƙe kwafi. In shiru, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, mai unguwa ko limami ko wani dattijo, yawancin irin wannan rigima a zaure take mutuwa. In akwai wasu iyayen da abin ya shafa ku tafi tare, an fi sauraron mutum biyar.

Daga nan sai hukuma. FCCPC na karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, kana ɗora hoton rasit da saƙonni. Wasu jihohi, ciki har da Kano, suna da tasu hukumar kare masu saye. Akwai kuma kotunan ƙananan basussuka a jihohi irin su Kano da Legas, waɗanda aka tsara don mutum ya shigar da ƙara da kansa ba sai da lauya ba. Ka dai auna: in abin da kake bi bai fi kuɗin zirga-zirgar da za ka yi ba, ka tsaya a wasiƙa da dattawa. Abin da ban ba da shawara ba shi ne hawa Facebook ana kiran suna ana cewa ɓarayi. Sai maganar ta juya ta koma ɓata suna, mai bin bashi ya koma mai ba da haƙuri.

Mu dai a karo na biyu ba mu koma santa ba sam. Malamin Kemistiri muka ɗauka sau uku a mako, biya a ƙarshen kowane wata, sai kuɗin awa a wani ɗakin kwamfuta ranar Asabar. Na sayi jakar takardu ta roba na zuba rasit da fom da hoton sakamakon bara a ciki. Layin wayar da ta yi rajistar farko da shi ma na cire shi na sa a ƙaramar wayata ina sa masa kati lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi, domin bayananta na JAMB a kansa suke, kuma da shi za ta sake karɓar lambar rajista da sakamako.